Kumatun Baƙuwar Gidan Kitso

Ga wata baƙuwa zaune a gidan kitson Jummai, nan Ƙofar Guga. Damtse cike, awarwaro ya matse hannu, amma kumatu sun lotsa kamar mangwaron da aka tsotse.

Na ce, "Sannu Hajiya, jinya aka yi?"

Ta ce, "Taifot ne."

Na ce, "Ikon Allah! Taifot mai zaɓe, ya ci kumatu ya bar damtse?"

Ni dai likitocin nan masu yanke kitsen kumatu nake zargi. 'Yarta ƙarama na kan cinyarta, barci take ji, tana ta laluben inda ta saba kamawa a fuskar uwar. Ba ta samu ba. Sai ta sauka, ta zo ta kama nawa.