Malam Sake, wanda ya shinshina hannuna shekara huɗu

Assalamu alaikum jama'ar duniya baki ɗaya, manya da ƙanana, masu gemu da masu jiran ya fito, iyayenmu mata, masu karantawa da waɗanda ake karanta musu. Sarkin Zarto ne ke gaisheku, kafintan da ƙusa bata taɓa lanƙwashewa a hannunsa ba. Amma yau ba raha ce ta kawoni ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran malaminmu na turanci, wanda duk layinmu ake kira Malam Sake. Sati uku yayi yana jinya a asibiti. Ya bar matarsa, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da mu ɗalibansa masu furfura. A cikinmu kuma kowa ya san ni ne na ɗaya. In wani yace ba haka bane yazo shago ya sameni.

Malam, kai ne da kayi ritaya ka share garejinka, ka kafa allo, kace duk mai sana'ar da boko ya wuce shi yazo Asabar da Lahadi da safe. Mu tara muka fara. Bencinan da muka zauna ni na buga su, har yau ko girgiza basa yi. Kana tsaye da alli a hannu, tabarau a ƙarshen hanci, mutum yayi magana kace "sake." Ya gyara kace "sake." Da haka sunan ya bika, kuma baka taɓa jin haushi ba.

Dokarka ɗaya ce. Ba a kawo maka misali daga littafi. Daga rayuwar mutum zai ɗauko, kuma dole ya zama gaskiya.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar "ai yus tu." Ku yafe min rubutun, a baki na fi ƙwarewa. Ka ce mana wannan ita ce maganar da bature ke yi in yana nufin abin da ya saba yi a da, yanzu kuma ya bari. Sai mutum ya ɗora kalmar aikin a bayanta yadda take, ba ƙari ba ado. Kace kowa ya tashi ya kawo nasa.

Mai walda ya tashi yace "ai yus tu fait," wato da yana faɗa. Kace gaskiya ne, tun da aka cire masa haƙori biyu ya tuba. Tela ya tashi yace "ai yus tu lai," wai da yana ƙarya. Baka ko ɗago kai ba kace, "Ina wandona da kace jiya?" Gareji ya ɗauki dariya, tela ya zauna yana share zufa.

Sai ni. Na miƙe na gyara wuyan riga, na buɗe murya yadda har maƙota za su ji, nace "ai yus tu simok." Wato da ina shan taba. Wallahi lafazin ya fita tas, ko a rediyo sai haka. Ina jiran tafi.

Kace, "Sarkin Zarto, miƙo hannunka."

Na miƙa, na ɗauka gaisawa za muyi. Ka kama yatsuna biyu ka kai hanci.

"Turancin yayi. Maganar ce bata yi ba. Zauna."

Nace, "Haba Malam, ai misali ne."

Kace, "Misalin wa? Ni na sanka tun kana yawo ba wando."

Bayan an tashi ka riƙe ni. Ashe maman yara ta riga ta kai ƙarata wajen Mama, matarka. Autarmu tana da ciwon ƙirji, in ya tashi numfashinta kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. Likita ya faɗa min sau biyu hayaƙin da nake shigowa da shi a jiki da kaya yana tayar mata. Ni kuma kwali guda nake tashi da shi a rana, ina cewa likita bai san aikinsa ba. Baka yi min wa'azi ba. Ka ɗauki alli ka rubuta maganata a can saman allo gefen dama, ka zagaye ta, kace ba mai gogewa. Kace ranar da ta zama gaskiya za ka saka mata maki da hannunka.

Jama'a, ni da ake ji da ni a layi, aka bar ƙaryata a rataye kowa na gani! Aka wuce darasi goma, ana goge allo ana barin wannan lungun. Duk Asabar kafin in zauna sai na miƙa hannu. Na gwada dabaru, don ni ba ƙaramin mai basira bane. Na wanke da sabulu sau uku. Na zuba turare. Har fentin katako na shafa. Ka shinshina kace, "Yau kujera ce ta zo aji? Sake." Na koma riƙe karan da filaya don kar ya taɓa yatsa. Ranar sai ka bar hannun ka kama hulata.

Na daina na sati biyu na koma. Na daina na wata guda, wani mai kawo katako ya miƙo min kara ɗaya, na koma. Ranar da kaina na faɗa maka kafin ka tambaya. Na zaci za ka yi faɗa. Sai kace, "Yau ka faɗi gaskiya ba a matsa ka ba, wannan ma ci gaba ne. Zauna a gaba."

Sai da nayi wata shida cur ko kara ɗaya ban taɓa ba. Wata Lahadi ka shinshina, ka hau kan benci da tsufanka muna ta "Malam a hankali," ka buga wa maganar nan maki babba. Kace in tashi in faɗa. Na faɗa. Karon farko a tarihin gareji baka ce sake ba. Mai walda yace wai nayi kuka. Ƙurar alli ce.

Auta yanzu tana aji biyar, ita ke tseren gudu a makarantarsu. Rabonmu da kwana asibiti shekara uku da rabi. Ni na daina, eh, kuma ba kowane namiji zai iya ba. Amma Malam kai ka tsaya a kaina.

Ko bayan an bani maki baka bar binciken ba. A hanya, a shago, a gidan suna, sai kace miƙo. Ranar Lahadin ƙarshe naje dubaka, an saka maka robar iska a hanci, magana da ƙyar. Na zauna a gefen gado. Sai naji kana laluben hannuna. Ka ɗaga robar kaɗan, ka kai yatsuna hanci, ka gyaɗa kai. Nas tana ta faɗa, kai kana murmushi.

Allah ya jiƙanka Malam. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Mama, Allah ya baki haƙuri da dangana. 'Ya'yansa da jikoki, ubanku mutum ne, ku ɗaga kai ko ina kuka shiga. Allah ya albarkaci bayansa.

Yanzu saura gaskiya ɗaya, tunda ita ya koya min. Tun da muka dawo daga maƙabarta bakina ke ƙaiƙayi. Mai teburin sayar da taba da ke kallon shagona yana nan da kayansa a jere, kuma yanzu babu mai cewa miƙo. Jiya sau biyu na tsallaka titi na dawo. Kwana biyar kenan ina riƙe, kuma zan riƙe, ai ni ne. Amma kar ku barni ni kaɗai. Duk wanda ya karanta wannan ya aiko min da cingam, mai yajin nan, kwali ba ƙwaya ba. A kawo shagon Sarkin Zarto. In ka zo kuma, ga hannuna, ka shinshina.