Jinin da Kike Kawo Mini

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, mijinki ya kira ni ya ce kin rasu, Yaya, 'yan kwanaki bayan haihuwa. Gudan jini ne ya toshe miki huhu. Ina tsaye a ɗakin bincikenmu labarin ya same ni, farar rigarki tana rataye a bayan ƙofa.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma ke kika riƙe hannuna tun ranar da na fara aiki. Ke kika koya mini furotin ɗin da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a kansa: yadda yake manne wa kitsen da ke fatar ƙwayar halitta, ya shimfiɗu ya rufe wurin, jini ya rasa inda zai fara daskarewa. Ba ya kamawa kuma sai da sinadarin kalsiyam a tsakani. Ranar da gwajina ya lalace don babu kalsiyam a ruwan haɗin, kika yi dariya har da hawaye, kika ce, "Ƙanwata, kin tara ango da amarya ba waliyyi, wa zai ɗaura auren?" Sannan kika tari faɗan shugabanmu a madadina.

Sai dai yau ba yabo kaɗai ke bakina ba. A ɗakinmu kowa kan ba da jininsa a kwatanta da na marasa lafiya. Ke kaɗai kike noƙewa, wai tsoron allura, mu kuma muna ta tsokanarki. Jefi-jefi kikan kawo mini kwalbar jini, ki ce na wata mara lafiya ne daga asibiti. Ko nawa na zuba kalsiyam, wani abu a jinin nan sai ya ture furotin ɗin daga kan kitsen, alamar jini ne mai saurin daskarewa. Na taɓa ce miki, "Mai jinin nan in ta ɗauki ciki, sai dai addu'a." Kika ce, "Allah ya raba lafiya," kika ci gaba da wanke kwalabe. A lokacin, cikinki ya fara fitowa.

A zaman makoki mijinki ya ce mini, "Ai na ɗauka kin sani. Jinin da take kai miki, nata ne."

Kin ci amanata, Yaya. Kin sa na ga haɗarin da kike ciki da idona, na tattara kayana na tafi gida hankali kwance. Da kin faɗa, da na tsare ki da allurar tsinka jini, na bi ki wurin likita, ko da za mu ɓata. Na san rai ba ya wuce wa'adinsa, amma ko ƙoƙarin ba ki bar ni na yi ba.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba mijinki da Mama da ƙannenki haƙurin rashi, ya raya jaririyar da kika bari. Da aka nemi kowa ya yafe miki, na ce na yafe tare da jama'a. Ku sa ni a addu'a, 'yan'uwa, domin har yanzu bakina ne kawai ya faɗa.