Hoton Inna da Bai Fito Ba

"Yaya, ina hoton Inna?" Da haka Saude ta tare ni jiya a Getso, a zaman makokin mahaifiyarta.

Ni nake ɗaukar hoto a sabgogin mata, inda maza ba sa shiga. Da zan sayi kyamara, na zaɓi mai dogon baki don a gan ni da babba, na manta aikina duk a ɗakunan ƙasa masu duhu yake, ita kuwa sai da haske sosai take ɗauka.

Inna ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba sai ranar sunan jikanta. Hotunan duk baƙi ƙirin suka fito.

Na ce, "Saude, bai fito ba."

Ta ce, "Ko inuwarta ce, ba ni."

Jama'a, in ku ne, me za ku miƙa mata?