Mai Tafi da Tarin Iya Hansai

A Malumfashi, in ka tambayi Istifanus mai bidiyo sai an tsaya tunani. Ka ce Mai Tafi, ko mai ƙosan bakin tasha za ta nuna maka shagonsa.

Ɗan Gozaki ne, manomin auduga kamar ubansa, har ranar da aka aike shi Funtuwa sayen keke ya dawo da tsohuwar kyamara a wuya. Da ɗaukar hoton amare da 'yan makaranta ya ƙare shekarun 1970. Da bidiyo ya shigo, sai ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi kyamarar kafaɗa. Matarsa Rahab ta ce ba komai, ai tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya sayo abin da ake ci ba.

Babban taro ba ya ɗaukarsa da kyamara ɗaya, sai ya aro biyu ya raba wa abokai. Kafin a fara, ya sa duk a kunna, ya fito tsakiyar fili ya yi tafi guda mai ƙarfi, jama'a na dariya. Dokarsa ta farko, daga tafin nan, ko gobara ta tashi ba a kashe kyamara. Dalilinsa kuwa, in ya daidaita kasusuwan uku a kan tafin, komai zai tafi tare: bakin mutum a wannan kaset ya dace da muryarsa a wancan.

Doka ta biyu, ba a wasa da uwar kaset. Da an dawo sai ya kwafe su, ya naɗe na asalin a zanen Rahab ya kulle. A kan kwafin yake gwaji a shagonsa, ya yanke nan, ya haɗa can, ya koma baya sau ba adadi har hoton ya dushe. Sai ya gamsu da tsarin sannan ya kwashi uwayen zuwa wani situdiyo a Kaduna, inda safiya ɗaya tak suke ba shi a kan manyan injunansu, a bi gwajin nan a fitar da mai kyau. Yakan ce tela mai hankali a takardar siminti yake fara yanka, ba a shaddar mutane ba.

A 1988 aka kira shi bikin godiyar girbi a cocin Gozaki. Dammunan dawa da buhunan masara jibge a gaba, zumuntar mata na buga tuluna, Iya Hansai, tsohuwar da ta fi shekara talatin tana ba su waƙa, tana tsaye a tsakiya. Kyamarar da ke kusa da mata a hannun Rabe take, amininsa Musulmi tun zuwansa Funtuwa. Da fasto ya ce a yi addu'a, Rabe ya ga kowa ya sunkuyar da kai, ya ji bai kamata ya kafa wa masu addu'a ido ba. Ya kashe, ya sauke ta ƙasa. Garin saukewar wayar sauti ta zare. Da ya sake kunnawa, hoto kawai yake ɗauka.

Kafin Kirsimeti tari ya yi ajalin Iya Hansai. 'Yarta Salome tana aure a Jos, ba ta zo bikin ba, kuma ko da ta iso an riga an binne. Ta zo shagon idonta jawur.

"Baba Istifanus, an ce kun ɗauke ta tana waƙa. Ina so in gan ta."

Istifanus ya duba kwafin. Muryar tsohuwar tana kan kaset ɗin da aka ɗauka daga nesa, inda ba ka ganin komai sai ɗankwali. Fuskarta kuma tana kan na Rabe, ba sauti, ba tafi. Rabe, da ke zaune a shagon, ya ce, "Ni na ɓata maka aiki." Istifanus ya ji haushi har wuya, amma ya haɗiye. Da wane baki zai yi wa mutum faɗa don ya girmama addu'arsu?

Ya duƙufa a kan kwafin. Waƙar mai amshi ce, tana ta maimaita kanta, duk inda ya gwada sai baki ya faɗi wani abu, murya ta faɗi wani. Hoton ya tsufa har ya fara yayyafi, kullum yana godiya ga Allah da ba uwar yake murzawa ba.

Rahab ce ta gaji da ganin tuwo na dawowa. Ranar kasuwa ta kwaso matan zumunta suka cika shagon, suka zuba wa fuskar nan mara murya ido. Can sai Dorkas, mai buga babban tulu, ta zabura.

"Tsaya, Malam! Mai da baya. Ga ta nan ta kau da kai ta yi tari a gyalenta. Bayan baitin ruwan sama ne, ina gefenta."

Ya nemo baitin a ɗaya kaset ɗin, ya ƙure murya. Can ƙarƙashin bugun tulu, ga ɗan tarin. Ya ɗora tari a kan tari, sai baki da murya suka haɗu. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa tana kuka.

Kafin ya tafi Kaduna ya nuna wa Salome gwajin, kamar yadda yake yi wa duk mai aiki. Don tausayi, da aka zo wurin tarin ya kawar da shi, ya sa hoton dammunan dawa. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Mama Dorkas ta ce ta yi tari. Ina yake?"

"Na cire, 'yata. Shi ne ya ɗauke mana ita."

"Ka mayar mini, Baba. Da shi nake sanin ta farka da safe."

Ya yi hamdala da abin bai wuce gwaji ba, domin da an fitar a Kaduna, bakin alƙalami ya bushe. Ya mayar, ya kwance uwayen daga zanen Rahab, Rabe ya raka shi har situdiyon yana rungume da su kamar jariri.

A gidan marigayiyar aka kunna, da janareton aro. Hoton ya fito tas, har zanen da ke kumatunta ana gani. Iya Hansai ta ɗaga kai ta ja baitin ruwan sama, mata suka amsa, sai ta kau da kai ta yi tarinta.

Salome ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Sannu, Iya," in ji ta.