Kyanwa mai ido ɗaya

A shekarun da na yi ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a unguwar Zahir, can ƙasa mai tsarki, ranar da na kasa mantawa ita ce ranar da Hajiya Ladi ta dawo da kyanwa mai ido ɗaya.

Ga yadda tsarinmu yake. In an tsinto 'yan kyanwa marasa uwa, ba ma ajiye su, don ba mu da hannun da zai riƙa ɗura musu madara da sirinji. Sai mu ba masu riƙo. Bayan wata biyu su dawo da su, a yi musu rigakafi, a rubuta kowace da sunan wanda zai ɗauke ta dindindin, da lambar katinsa na ɗan ƙasa ko ta igama, wato takardar izinin zama. Ni ne mai cike fom ɗin.

Hajiya Ladi 'yar Maraɗi ce, ƙosai take soyawa a unguwar Hindawiyya. Ta sha riƙa mana kyanwoyi ba ta taɓa neman ko ɗaya ba. Ran nan sai ta ƙi sakin kwandon da mai ido ɗayan ke ciki.

"Ɗana, wannan ta shiga raina. A bar mini ita."

Likita ta ce babu laifi, a cike fom. Da na tambayi lambar igama, sai Hajiya ta ƙara rungume kwandon. Nan na gane tun da ta zo aikin hajji ba ta koma gida ba, kuma ba ta da takarda. Na rage murya na ce, "Hajiya, in sa sunana, ki tafi da abarki. Ba mai ji."

Ta daɗe tana shafa kan kyanwar.

"Allah ya yi maka albarka. Amma ni kullum in na fita ban da tabbacin komawa ɗaki. Ranar da aka kama ni aka mayar da ni gida, wa zai buɗe mata ƙofa? Halas, shi ke nan, ka ba masu takarda ita."

Ta ce a gaya musu su riƙa zuwar wa kyanwar ta gefen idon da ke gani, in ba haka ba tana firgita. Na rubuta a bayan fom. Kwana uku bayan haka wani malamin makaranta ya ɗauke ta. Gaskiya abin ya tsaya mini a rai.

Tun daga nan na san a aikinmu ba lallai wanda ya fi son dabba shi ke tafiya gida da ita ba. Da aka kawo wasu 'yan kyanwa uku daga tashar Kudai, na yi ta jinkirin kiran Hajiya, don kunya nake ji. Da na kira, ta ce in haɗa madarar, tana zuwa bayan la'asar.