Ranar da Na Langaɓe a Bayan Inna

Wata Laraba ce a daminar 1984, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan Lafia, muka sauka daga motar doya ni da Inna, mahaifiyata. Shekarata takwas, ciwona kuwa ɗan maruru ne a cinya da zazzaɓin da bai hana ni cin gyaɗa a hanya ba. Daf da ƙofar asibiti ta tsuguna ta goya ni, ƙafafuna na reto har gwiwarta, ta ce, "Ki langaɓe. Ko an mintsine ki kada ki buɗe ido."

Ba ranar muka fara ba. Daga ƙauyenmu na wajen Doma mota ba ta isowa sai bayan azahar, lokacin an rufe tagar yankan kati, sai a ce a dawo gobe, ga ciyawa na cin gonar riɗi. Ƙofar imajansi kaɗai ke buɗe. Yayata kuwa a layin kati ta cika tana da shekara uku, tun daga nan ko atishawa muka yi sai hankalin Inna ya tashi. Ni dai na ƙware. A tsakar gida, in mun gama ɓarar gyaɗa da ɗebo ruwa a rafi, wasan asibiti muke yi, kuma duk cikin yara babu wanda ya kai ni iya sakin wuya. Har alfahari nake yi da abin.

A kan bencin imajansi muka tarar da wata mata 'yar ƙabilar Tibi, laka har ƙwaurinta, rungume da yaro ɗan kamar shekara biyu. Ta riga mu zuwa. Ta ƙasan gashin ido nake kallonsu. Idonsa a buɗe yake, amma numfashinsa na fita da wani siririn fito, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki. Da nas ta leƙo, Inna ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu, ni kuma na saki wuya. Matar ta miƙe a hankali ta ce, "Sista, yarona bai yi kuka ba tun safe." Nas ta ce, "Mama, naki idonsa biyu, wannan ya suma. Jira kaɗan."

Aka shige da ni. Aka matse marurun, aka yi mini allura, na yi kukan gaske, ruwa kuma ya kece a kan kwanon rufi. Da muka fito, na kasa kunne ban ji fiton nan ba. Matar na tsaye tana goya yaron, sai na ga ta ja zane ta rufe shi har kansa, ta shiga cikin ruwan ba ta dubi kowa ba. Inna ta kama hannuna muka nufi gida.

Yanzu akwai ƙaramin asibiti a ƙauyenmu, mota kuma ko da yaushe. Inna ta rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba, kuma ban ga laifinta ba, tsoro ne ya yi mata yawa. Amma ni ina ji ina gani a ranar, ido kawai zan buɗe nas ta gane. Ban buɗe ba.