Hannun Daman Radames

A tashar motar San Pedro de Macorís wani dogon mutum yana tsaye cikin rana, furfura ta fara fito masa. Ana zafi, amma ya zura hannun dama cikin jaket, sauran rigar tana reto a bayansa. Haka masu jefa ƙwallon besbol suke yi, don kada damtse ya huce. Da hagu yake gaisawa. Ina jin hannun daman nan ya daɗe yana ciyar da gida.

Direba ya san shi. "Radames, ba ka haƙura ba? Hannun nan ai ya girmi motata!"

"Yau masu ƙungiyar besbol za su gwada ni a Santo Domingo, ɗan'uwa. In bai yi ba, na ajiye ke nan."

Wata tsohuwa mai kwandon ayaba tana hawa mota, sai ƙafarta ta zame. Kafin kowa ya motsa ya tare ta, da hannun daman.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ban ji maka ciwo ba?"

"Ko kaɗan, Mama."

Yanzu yana zaune a bakin taga, yana buɗe yatsunsa yana rufewa a hankali, ba ya kallon kowa.